Kafin Mu Hau Motar Boɗinga

Mu goma sha ɗaya ne za mu tafi, mata takwas da maza uku, dukanmu daga zumuntar ɗalibai Kirista ta wannan makaranta. Da zarar an ajiye biro a jarabawar ƙarshe ta wannan zango, za mu yi kwana biyu a Boɗinga, mu wuce Shagari mu yi wasu biyun, sannan mu dawo. Wanda ya san hanyar Tambuwal zai yi dariya ya ce, wannan ma har tafiya ce? Daga Sakkwato zuwa Boɗinga, ko direban mai tsoron Allah ne ba zai ci awa guda ba. Amma wata uku ke nan muna shirinta, kowace Asabar da yamma, kuma har yanzu akwai abin da ba mu gama daidaitawa a kai ba. Shi ya sa na ga gara in kawo maganar wannan mujalla ta kowa da kowa, maimakon in bar ta a ɗakin sujada, inda mu kaɗai za mu ji ta.

Ba mu ne muka ƙirƙiro tafiyar ba, kiranmu aka yi. Kiristocin da ke waɗannan garuruwa biyu 'yan tsiraru ne, yawancinsu malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, iyalan 'yan sanda da masu shaguna. Matansu suna da zumuntarsu kamar yadda ake yi ko'ina a Arewa, su haɗu su yi waƙa, su yi addu'a, su yi adashi, su je gaisuwar mai jego. Uwar zumuntar Boɗinga, wata dattijuwa da ta fi shekara talatin a garin har bakinta ya koma Sakkwatanci zalla, ita ce ta aiko. Na ji muryarta a waya ranar da aka sa ta a sifika. Ta ce: "Ku dai taho, ɗiyana. Ba shinkafa muka roƙo ba. Matan ga da ka shigowa gidajenmu suna kuka, ba mu san mi za mu ce musu ba. Shi muka so a koya muna."

Matan da take nufi kowa a jihar nan ya san su, ko da bai taɓa tsayawa ya yi musu magana ba. Tun harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah cikin Yulin 2018, lokacin da mutane suka tsere zuwa Gandi, abin bai tsaya ba. An yi na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. A Disambar wannan shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Da farko mutanen wannan ɓangare suna kallonsa a matsayin bala'in gabas, na su Isa da Sabon Birni, sai ga shi ya gangaro Tureta, ya taɓa ƙauyukan Shagari. Wanda ya gudu daga ƙauye ba kasafai yake samun sansani ba. Gari mafi kusa yake nufa, ya raɓa a gidan dangi, ko kangon da ba a gama ginawa ba, ko zauren wani mai tausayi. Mazan da suka tsira sukan bazama neman abin sawa a baki. Matan su ne ke wuni a unguwa, su ne ke shiga maƙwabta neman aikin wanki ko surfe, kuma a nan ne, ana cikin tankaɗe ko tsintar wake, labarin yake ɓallewa.

To, me ake cewa? Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san amsar tun kafin a gama tambayar: "Ki yi haƙuri." Kalma ce mai kyau, ba na raina ta. Musulmi da Kirista duka mun yarda haƙuri ibada ne. Amma mai koyar da mu, wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya da ta daɗe tana aiki da masu lalurar ƙwaƙwalwa, wadda muke kira Mama Nas, ta sa mu lura da lokacin da kalmar take fitowa daga bakinmu. Ta ce ku kula, yawanci tana fitowa ne daidai lokacin da labarin ya fara yi wa mai sauraro nauyi. Mace ta ce sun shigo da asuba, ka ce subhanallahi ko ka ce ya Ubangiji. Ta ce sun fito da maigidan tsakar gida, sai ka ji ƙirjinka ya cushe, nan da nan ka ce ki yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Ita kuma ta gane. Ta ja bakinta ta yi shiru, ta ce na gode, ta ɗauki kwanonta ta tafi da sauran labarin a cikinta. Mama Nas ta ce wannan haƙurin kanmu muke ba wa, ba ita ba.

Asabar ta biyu ta raba mu biyu-biyu, ta ce ɗaya ya ba da labarin wani abu da ya taɓa ɓata masa rai, ɗayan kuma ya saurara minti biyar, ba shawara, ba aya, ba "ni ma haka ta taɓa faruwa da ni". Ta riƙe agogo. Wani ɗan'uwa daga sashen injiniya bai kai minti ɗaya ba ya fara jero wa abokinsa hanyoyin magance matsalar, ɗaya, biyu, uku, kamar yana amsa tambayar jarabawa. Aka yi ta dariya. Amma da aka gama, wasu biyu daga cikinmu idanunsu sun yi ja, don wannan ne karo na farko da wani ya bar su suka kai ƙarshen maganarsu. Mama Nas ta tuna mana da labarin Ayuba, wanda 'yan'uwanmu Musulmi ma suka sani a matsayin Annabi Ayuba. A Littafi Mai Tsarki, abokansa uku da suka zo masa jaje sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Ta ce iya abin kirkin da suka yi ke nan, da suka buɗe baki sai suka ɓata komai.

Mun sha wahala kafin mu sami sunan da za mu kira abin da Hausa. In ka ce ciwon zuciya, za a zaci hawan jini kake nufi. In ka kuskura ka ce taɓin hankali, ka rufe ƙofa, domin a garin nan kowa ya san barkwancin "a kai shi Kware", kuma babu matar da za ta yarda a haɗa ta da wannan. Mun tsaya a kan raunin zuciya, muna kwatanta shi da miki a ƙafa: in aka rufe shi da tsumma ba a wanke ba, daga waje kamar ya warke, a ciki kuwa ruɓewa yake yi. Alamominsa ba baƙi ba ne. Mace ta kasa barci, ko ta yi ta farkawa a firgice. Ta ji ƙarar babura biyu ko uku sun taho tare, sai cikinta ya juya, domin a kan babura maharan suke zuwa. Ciwon kai da ba ya jin farasitamol. Dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ta zauna tana kuka don ta dake su. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun da daɗewa ya koma yi. Mutane sukan ce iska ce, ko sammu, ko kuma wance ta cika yawan tunani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata lalura irin wannan, daga baƙin ciki mai tsanani zuwa fargaba da firgici. Ka lissafa mata ashirin a kango ɗaya.

Akwai wani ɓangare da ya fi tsaya mini a rai fiye da duk waɗannan alamomi. Al'adarmu ta tanadi hanyar da baƙin ciki zai bi ya fita. In an yi rasuwa akwai wanka da sutura da jana'iza, akwai zaman makoki, a shimfiɗa tabarmi, maƙwabta su kawo abinci, a yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, ana lallaɓa ta. Mu ma a coci muna da namu, daren waƙoƙi, sujadar binnewa, matan zumunta su kwana a gidan. Harin 'yan bindiga yana kashe mutum, ya kuma kashe duk wannan. An binne mutane da yawa a gaggauce, wani lokaci matan suna daji ba su ga gawar ba. Babu tabarmar makoki, domin masu zuwa gaisuwar su ma gudu suke yi. Sannan ga wadda aka tafi da mijinta, aka sayar da shanu da gona aka kai kuɗin fansa, bai dawo ba, ba a kuma ce ya mutu ba. Ba ta da miji, ba ta shiga takaba ba. Malamai suna da hukuncinsu a kan matar wanda ya ɓace, wannan fagensu ne. Ni abin da nake dubawa shi ne, a unguwa babu ma gaisuwar da ta dace da ita. Ka ce mata ya haƙuri, kamar ka yanke cewa ya mutu. Ka ce ya maigida, ka fama mikin.

Yanzu ga gaskiyar da ya kamata duk mai shirin irin wannan tafiya ya haɗiye tun daga gida: kwana huɗu ba ya warkar da kowa. Mu ɗalibai ne, wasu lissafin kuɗi suke karanta, wasu aikin jarida, wasu gine-gine. In muka je muka sa mace ta buɗe abin da ta shekara biyu tana dannewa, muka yi kuka tare da ita, muka hau mota ranar Lahadi, mun bar ta da miki a buɗe, ƙuda na bi. Gara ma ba mu je ba. Ƙwararrun da ya kamata su karɓe ta kuwa ba su da yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, tun ta zamanin Turawa. Muna da sa'a ma a jihar nan da asibitin tarayya na Kware, amma matar da ke kwana a kango a Shagari, da wane kuɗin mota za ta je?

Saboda haka muka juya tsarin. Ba wajen matan da suka gudo za mu fara zuwa ba. Za mu zauna ne da matan da su waɗannan suke zuwa wurinsu tun kafin a san da mu: uwar zumunta da mataimakanta, ungozoma, mai kitso, uwar adashi, malamar Islamiyya ta unguwa. Abin da Mama Nas ta koya mana cikin wata uku, ita da kanta za ta jagoranci koya musu, mu kuma mu zama 'yan rakiya, masu nuna misali, masu riƙe yara. Wannan shi ne abin da takardar neman izininmu ta kira tallafa wa shugabancin mata. Na san kalmar tana sa wasu samarin makarantar nan taɓe baki, suna jin kamar wani abu ne da aka yo odarsa daga Amurka. In shugabanci na kujera ake nufi, to lallai da sauranmu, don majalisar dokokin jiharmu mai kujeru 30 ba ta da mace ko ɗaya bayan zaɓen 2023. Amma matar da mutum arba'in suke ba ta kuɗinsu duk mako ba tare da rasit ba, wadda in ta ce wance ce za ta kwashe wannan karon babu mai musu, me za a kira ta?

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Ƙasar da za mu taka ita ce ta Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a Boɗinga ƙanensa Abdullahi ya yi zamansa a wancan lokaci. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta rayu cikin ƙasar da yaƙi ya bar ta da gwauraye da marayu da matan da aka raba da garuruwansu. Ba ta ce sai kowace mace ta zo gabanta ba, ba ta kuma iya zagaya kowane ƙauye. Ta zaɓi dattawan mata masu mutunci daga ƙauyukan, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jaji ita ke jagorantar ayarin mata zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma gida su koya wa waɗanda aure da goyo suka hana fita. Su ne 'Yan Taru. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Ni Kirista ce, kuma ban ga abin kunya ba in ce tsarin da muke ƙoƙarin bi, wata malama Musulma ta riga mu shi a wannan ƙasa da kusan shekara 200. Abin da ya ba ni haushi kawai shi ne, a firamare sunanta kaɗai aka koya mana, kamar sunan titi.

A Zimbabuwe ma an yi irin wannan a zamaninmu. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, da ya ga likitoci irinsa a duk ƙasar ba su wuce goma sha wani abu ba, sai ya fara horar da kakanni mata a birnin Harare a 2006. Aka ajiye musu bencin katako a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna su yi magana. Cutar da suke kira da harshensu, in aka fassara ta, yawan tunani ce, daidai yadda muke faɗa. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi bayan wata shida a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu ba mu da benci, tabarma gare mu.

Inda muka fi daɗewa muna ja-in-ja shi ne batun wa'azi, kuma ba zan ɓoye shi ba don Musulmi za su karanta. Wani ɗan'uwa, mutum mai kishin bangaskiya wanda nake girmamawa, ya miƙe a taro ya ce: "'Yan'uwa, in babu wa'azi ai ba mishan ba ce. Sai mu nemi riguna masu tambari mu ce mu ƙungiyar agaji ce." Wasu suka goyi bayansa. Muhawarar ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun ƙarshen shekarun 1930, lokacin da aka ba 'yan mishan na SIM riƙon asibitin kutare na Amanawa, ake tambayar inda jinya ta tsaya da inda wa'azi ya fara. Matsayina shi ne, matar da ta kwana uku a daji da goyo, wadda ba ta da sabulun wanke zanenta, ba ta da ikon ce maka a'a. In ka miƙa mata sabulu da hannun dama, ka miƙa mata addininka da na hagu, duk abin da ta amsa yunwa ce ta amsa, ba ita ba. Wannan ba bishara ba ce, cin zali ne. Kuma bayan mun tafi, 'yan tsirarun matan zumuntar da suka shekara talatin suna gina amana da maƙwabtansu, su za mu bari da zargi.

Abin da ya kwantar da gardamar, ko in ce ya rage mata zafi, labarin Basamariyen nan ne da Yesu ya bayar, wanda ya tsinci mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanya. Duk mun san shi tun makarantar Lahadi. Wata 'yar ajinmu ce ta ce mu sake dubawa, Basamariyen dare ɗaya ya yi da majinyacin. Da gari ya waye ya ba mai masauki dinari biyu, ya bar masa shi, da alkawarin zai dawo ya biya abin da ya ƙaru. Wanda ya yi ta wanke mikin kullum, ya yi ta jin nishinsa da dare, mai masaukin ne, kuma ba wanda yake yin wa'azi a kansa. Ba a kuma ce an tambayi majinyacin addininsa ba. Aka yi shiru. Daga ƙarshe muka tsayar da cewa da safe za mu zauna da matan zumunta kaɗai, da Littafinmu da addu'armu da waƙoƙinmu, mu karanta labarin Na'omi wadda ta rasa miji da 'ya'ya biyu a baƙuwar ƙasa. Da rana kuma zama ne na unguwa, a tsakar gidan wata dattijuwa, Mama Nas da malamar Islamiyya su jagoranta tare, a tashi in an kira la'asar. Ba za mu ɓoye ko mu su wane ne ba, dattawan cocin can sun riga sun kai gaisuwa wurin mai unguwa sun faɗa masa komai. Wadda ta tambaye ni abin da ya kawo ni, zan gaya mata bangaskiyata ce. Wadda ba ta tambaya ba, sabulunta nata ne. Ɗan'uwan nan har yanzu bai gamsu sarai ba, amma zai je, shi ne ma mai riƙe mana kuɗi.

Mahaifiyata ba ta so tafiyar ba. Da na faɗa mata a waya, sai ta yi shiru, sannan ta ce: "Karatu na aike ki. Saura miki wata nawa ki gama?" Na ce, Mama, ai nan kusa ne. Ta ce Deborah ma ai cikin makaranta take. Ba ni da amsar wannan. Ranar 12 ga Mayu, 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, cikin garin nan, har aka sa dokar hana fita. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, Bishop Kukah ma haka. Amma tun daga ranar akwai wani shiru da ya shiga tsakanin ɗalibai a Sakkwato, wanda ba a rubuta shi a kowace doka ba. Kowa yana auna kalmarsa a zauren WhatsApp na aji. Ana cin abinci kwano ɗaya, ana kwafar aikin gida wurin juna, amma akwai maganar da in ta taso sai kowa ya duba wayarsa. In abin da Mama Nas ta koya mana gaskiya ne, to wannan ma miki ne da aka rufe da tsumma, kuma a cikin harabar nan yake, ba a ƙauye ba.

Abokiyar ɗakina Musulma ce daga gabashin jihar. An taɓa ɗauke kawunta, ya yi wata biyu a daji, ya dawo ba ya son a rufe ƙofa in yana ɗaki. Shekara ɗaya da rabi muna kwana ɗaki ɗaya ban sani ba, sai da ta ga takardun horon nan a kan katifata. Ita ce yanzu take gyara mini baki, wai in na je ina cewa "mene ne" da "faɗa mini" za a ce ga 'yar birni ta zo, in ce "mi na na", in ce "hwaɗa min". Ta kawo sinƙin sabulu ta ajiye cikin kayanmu ba ta ce komai ba. Ita ce kuma ta karɓi wayar ta yi wa Mama magana, ta ce: "Mama, ki bar ta ta tafi, mutanen can ba su da matsala, in sha Allahu lafiya za ta dawo." Ban san abin da ya sa muryarta ta fi tawa tasiri ba, amma Mama ta ce to, Allah ya kiyaye, in riƙa kira safe da yamma.

Sauran shirin na kuɗi ne da kaya, kuma ba shi da daɗin ji. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, shatar mota ta zama abin da ake yi wa addu'a. Mun sayar da zoɓo da kunun aya da cincin a ƙofar ɗakunan kwana, wataƙila kai mai karatu ka sha ba ka san inda kuɗinka za shi ba, mun gode. Matan zumuntar wata coci a cikin gari sun ba mu zannuwa da rigunan sanyi na yara, don tafiyar ta faɗo cikin hunturu. Akwai sabulu, man shafawa, audugar mata, da takardu da fensira masu launi, domin yaro ba ya zama ya ba ka labari, amma in ka ba shi takarda zai zana maka. Kayan ba mu za mu raba ba. Za mu damƙa su ga matan can, su da suka san wadda ta fi bukata, su raba bayan mun tafi, don kada zaman ya koma layin karɓar kaya. Kowace cikinmu za ta sa atamfa da mayafi babba. Mazan uku ba za su shiga tsakar gida ba, suna waje da yara maza da ƙwallo.

Doka ɗaya ce aka kafa da babu sassauci: ba hoto. Wannan ya yi wa wasu ciwo, don waɗanda suka ba da gudummawa suna son gani, kuma mu 'yan zamani in ba a ɗora abu a Facebook ba kamar bai faru ba. Amma matar da aka yi wa fyaɗe a daji, wadda ko mijinta bai sani ba, in fuskarta ta fito ƙarƙashin rubutun "warkar da raunin zuciya", mun gama da ita. Ko suna ba za mu rubuta ba. An kuma ja mana layi a kan abin da ya fi ƙarfinmu. Wadda take maganar kashe kanta, ko ta daina cin abinci, ko take jin muryoyi, ba ta tabarma ba ce, ta asibiti ce, kuma mun ware kuɗin motar mutum biyu zuwa Kware a ajiye wurin uwar zumunta. Wadda aka ci zarafinta kwanan nan, maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, kuma akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato da aka buɗe don irin wannan. Yawancin matan da za mu zauna da su ba su taɓa jin waɗannan abubuwa biyu ba. Gaskiya, kafin wata uku da suka wuce, da yawa cikinmu ma haka.

Abin da ya rage bai daidaitu ba shi ne komawa. Shida daga cikinmu muna ajin ƙarshe, muna fama da furojet, kuma nan da 'yan watanni kowa zai kama gabansa. Mama Nas ta ce ita za ta riƙa zuwa duk wata in an sami kuɗin mota da masu raka ta, domin matan da za su riƙa ɗaukar labaran nan su ma suna bukatar inda za su sauke. Don haka muna neman 'yan shekarar farko, mata musamman, waɗanda za su kasance a nan baɗi. Ba sai Kirista ba, zaman rana na kowa ne, kuma abokiyar ɗakina ta riga ta ce za ta shiga na wata mai zuwa. Muna haɗuwa kowace Asabar da ƙarfe huɗu, a tambayi kowane ɗan zumunta zai nuna wurin.

Muna kuma neman mai jin Fulatanci, da gaggawa. Uwar zumuntar Shagari ta ce akwai wasu matan Fulani da suka sauka a bayan gari, 'yan bindiga sun kwashe musu shanu, 'yan sa-kai kuma sun ƙone musu ruga, ba sa shiga cikin sauran matan, sauran ma ba sa kiran su. Tsofaffin cikinsu Hausarsu ba ta wuce ta sayar da nono ba. A cikinmu mu goma sha ɗaya babu wanda ya iya fiye da gaisuwa.